Kafin a sayi maganin masassara, a ba da ɗigon jini

Da zarar damina ta kankama a Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, masassara sai ta shiga gida-gida. Mu ƴan kasuwa mun san halinmu: yaro ya kwana da zafin jiki, uwa ba ta son barin rumfa, sai ta tsayar da mai tallar magani ta sayi ƙwaya. Alhali ba kowane zafin jiki ba ne na cizon sauro. Ciwon huhu da sanƙarau su ma da zazzaɓi suke farawa.

Abin da ke raba gardama shi ne ɗan awon nan da malaman asibiti ke yi da ɗigon jinin yatsa, tun daga asibitin Galmi har ƙananan gidajen likita na karkara. A cikin ƴar robar akwai siririyar takarda da aka shafa wa sinadaran garkuwar jiki. Kowane irinsu abu guda tak yake ganewa, kamar makulli da kwaɗonsa. Idan ƙwayar cutar sauro ta bar alamarta a jini, sai su cafke ta, layi biyu su fito cikin minti 15 zuwa 20. Layi ɗaya, ba a same ta ba.

Masana biyu, Köhler da Milstein, su suka gano hanyar sarrafa waɗannan sinadarai a Kambirij ta Ingila a 1975, aka ba su kyautar Nobel a 1984. Da irinsu ne masu bincike ke gane alamomin da ke jikin fararen ƙwayoyin jini, har a ƙirga CD4 na mai ɗauke da sida. A nan Nijar ma, cibiyar CERMES ta Yamai da Institut Pasteur sun bayyana awon sanƙarau na gaggawa a 2006.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a auna kafin a ba da maganin masassara. Sai dai awon yakan nuna layi biyu makonni bayan an warke, don haka a gaya wa malamin asibiti in yaro ya sha magani kwanan nan.

Ƴan uwa mata, cinikin wuni ɗaya ana mayar da shi. A bar wa maƙwabciya rumfa, a kai yaro awo. Allah ya ba mu lafiya, amin.