Yadda ciniki ya karya wariya a wani kantin Amurka

A garin Greensboro na Amurka, kantin Woolworth yakan karɓi kuɗin baƙar fata, amma teburin cin abincinsa na farar fata ne kaɗai. Ranar 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai huɗu baƙaƙe suka zauna a teburin suka nemi kofi. Aka hana su, suka ƙi tashi. Kashegari suka dawo da ƙarin 'yan uwansu, daga baya baƙaƙen garin suka ƙaurace wa kantin. Da ciniki ya ja baya, a watan Yuli sai kantin ya fara ba kowa abinci. A 1964 doka ta haramta wariya a gidajen abinci da otel-otel. Duk ɗan kasuwa ya sani: mai saye in ya yi fushi, da kuɗinsa yake tafiya.