Hutun Bazara na Iyali a Kudancin Kalifoniya: Filayen Wasa da Gidajen Namun Daji

A Amurka, yawancin makarantu kan ba ɗalibai hutun mako guda tsakanin farkon watan Maris da tsakiyar Afrilu, lokacin da sanyin hunturu ya fara ja da baya. Ba rana ɗaya ake tashi a duk ƙasar ba. Kowace gunduma ita ke tsara kalandar makarantunta. Wasu kan haɗa hutun da bikin Ista, wanda ke faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wasu kuma su ware masa mako na dabam. Saboda haka cunkoson masu hutu yakan ɗauki wajen makonni shida, ya fi tsananta a makon da ke gaban Ista da wanda ke biye da shi. Iyalan jihohin arewa, inda ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, da yawansu sukan nufi wurare irin su birnin Orlando na jihar Fulorida, da gaɓar tekun kudancin Kalifoniya.

Orlando ta fi yawan filayen wasa. A can Walt Disney World yake, wanda aka buɗe a 1971, da filayen kamfanin Universal. Amma ga iyalin da ke son haɗa lilo da kallon namun daji a tafiya ɗaya, kudancin Kalifoniya ya fi dacewa, domin abubuwan biyu suna jere a kan hanya guda. Daga Anaheim, inda Disneyland yake tun 17 ga Yulin 1955, zuwa San Diego tafiyar kilomita 150 ce ko kusa da haka a kan babbar hanya mai lamba 5. A tsakaninsu akwai garin Carlsbad mai filin Legoland, wanda aka buɗe a 1999 domin yara 'yan shekara biyu zuwa goma sha biyu. Wanda ba ya son tuƙi yana iya shiga jirgin ƙasan Pacific Surfliner da ke bin bakin teku. Yanayi a waɗannan watanni mai sauƙi ne, zafin rana a gaɓar teku bai cika wuce digiri 20 da 'yan kai ba, sai dai da yamma akan ji sanyi, ruwan tekun kuwa yana da sanyin da yara ba sa daɗewa a cikinsa.

Abu na farko da mai shirin tafiya zai auna ba kuɗi ba ne, tsayin yaransa ne. Kowane lilo mai gudu yana da ma'aunin tsayi a ƙofarsa, kuma ma'aikata ba sa ɗaga ƙafa ko da yaro ya gaza da faɗin yatsa, domin an ƙera maɗaurin kujerun ne daidai da wani girman jiki. A Disneyland, Space Mountain yana buƙatar santimita 102, Indiana Jones Adventure santimita 117, Incredicoaster da ke filin Disney California Adventure na maƙwabta kuma santimita 122. Iyalin da ƙaraminsu bai kai mita ɗaya ba zai biya kuɗi mai yawa ne don abin da yaron ba zai hau ba. Ga irinsu Legoland ya fi amfani, ko ɓangaren Fantasyland na Disneyland, inda yawancin abubuwan hawa ba su da ƙa'idar tsayi. Akwai kuma wani tsari na karɓa-karɓa da filayen suka tanada: uba ya hau da manyan yara yayin da uwa ke riƙe da ƙarami, idan sun sauko ita ma ta hau ba tare da ta sake bin layi daga farko ba. Sai an sanar da ma'aikacin ƙofa tun kafin shiga layi ake samunsa.

Farashin tikiti yana bin rana. Tun 2016 Disney ta fara sayar da tikitin yini ɗaya bisa yawan jama'ar da ake sa ran zuwansu, kuma a ƙarshen 2024 tikitin babba a Disneyland yana kamawa daga dala 104 a ranakun da ba kowa zuwa dala 206 a ranakun cika. Makonnin hutun bazara suna cikin masu tsada. Yaron da bai kai shekara uku ba yana shiga kyauta, ɗan shekara uku zuwa tara yana da ɗan rangwame, wanda ya cika goma kuwa kuɗin babba zai biya. Tikitin kwana biyu ko uku yana rage abin da kowane yini ke ci, Talata zuwa Alhamis kuma sun fi ƙarshen mako sauƙi. Tun bayan annobar korona Disneyland ta kawo tsarin kama gurbin rana ban da sayen tikiti, don haka wajibi ne a duba ƙa'idar da ke aiki kafin a biya kuɗin otal.

Layi shi ne ainihin abin da ke cinye yini. A ranar cika, jiran awa ɗaya ko fiye domin hawan minti uku ba abin mamaki ba ne. A 1999 Disney ta ƙirƙiro FastPass, wata takarda ta kyauta da ke ba mutum lokacin da zai dawo ya shiga ta gajeren layi. A 2021 aka soke shi, aka maye gurbinsa da tsarin biya ta manhajar waya, wanda yanzu ake kira Lightning Lane. Wannan canji ya ƙara wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi nauyi, domin kuɗin na kowane mutum ne a kowane yini. Dabarar da ba ta cin ko sisi ita ce sammako. Wanda ya isa ƙofa rabin awa kafin buɗewa yakan hau a awa biyun farko abin da mai zuwa da hantsi zai kai la'asar bai gama ba. Idan rana ta take, jama'a suka cika, sai a koma masauki yara su yi barci, a dawo da yamma don faretin dare da wasan wuta. Wannan ne dalilin da ya sa otal ɗin da ake iya zuwa da ƙafa, ko da ya ɗan fi tsada, yakan fi na nesa riba.

Gidan namun daji yana da nasa tsarin, kuma kuskure ne a shige shi da gaggawar filin wasa. Gidan namun dajin San Diego ya samo asali ne daga dabbobin da aka bari bayan wani baje kolin duniya da aka fara a birnin a 1915. Wani likita mai suna Harry Wegeforth ya kafa ƙungiyar kula da su a 1916. Gidan yana cikin lambun Balboa, a kan fili mai kadada 40, kuma yana daga cikin gidajen da suka fara barin keji na ƙarfe suka koma ga buɗaɗɗen fili da aka kewaye da rami. Ƙasar wurin tudu da kwari ce, mai tura keken jariri zai ji a jikinsa. Shi ya sa ya fi kyau a fara da motar zagaye mai hawa biyu, wadda ke nuna babban ɓangaren gidan a cikin kusan minti talatin da biyar, sannan a zaɓi wurare uku ko huɗu da yara suka fi so, a tsaya a kansu da kyau. Akwai kuma kwandunan Skyfari da ke ratsa gidan ta sama a kan igiya, suna rage hawan tudu.

Dabbobi ba sa bin jadawalin baƙi. Da safe, kafin rana ta yi zafi, ake samun zaki da damisa suna kai da kawo, giwaye suna cin abinci, goggon biri yana wasa da 'ya'yansa. Da azahar yawancinsu sun nemi inuwa sun kwanta. Koala, wanda wannan gida ke da tarinsa mafi girma a wajen Ostareliya, yakan yi barcin awa goma sha takwas ko fiye a yini, saboda ganyen turaren da yake ci ba shi da ƙarfin gina jiki. Yaron da aka gaya wa haka tun a gida zai kalli dabbar da ke barci a kan reshe da fahimta, ba da ɓacin rai ba. Panda biyu da suka zo daga Sin a 2024, Yun Chuan da Xin Bao, suna jan dogon layi, don haka su ma da safe ya kamata a nufe su. Lokutan da masu kiwo ke ciyar da dabbobi suna yi wa jama'a bayani suna cikin manhajar gidan, kuma a nan ne yara suka fi koyon abin da zai zauna musu.

Mutane da yawa suna rikita wannan gida da ɗan'uwansa, Safari Park, alhali akwai tazarar kusan kilomita 50 a tsakaninsu, kowanne da ƙofarsa da tikitinsa. An buɗe Safari Park a 1972 kusa da Escondido, a kan fili mai kadada sama da 700, inda raƙuman dawa da karkanda da barewa ke yawo garke-garke, baƙi kuma su zagaya su a cikin mota mai buɗaɗɗen gefe. Yana nesa da teku, don haka ya fi zafi, a tanadi hula da ruwa. Darajar wurin ba ta tsaya ga kallo ba. A 1987 wata ƙatuwar ungulu ta Kalifoniya da ake kira kondo, mai faɗin fikafikai kusan mita uku, ta rage guda 27 kacal a duniya, galibi saboda gubar darmar harsashi da take haɗiya a cikin mushe. Aka kama duka, aka raba su tsakanin wannan fili da gidan namun dajin Los Angeles, aka yi ta kiwonsu har aka fara sakin su daji a 1992. Yau sun haura 500. Iyayen da ke tantamar ko daidai ne a tsare dabba don a kalle ta suna da hujjar yin tambaya, kuma ba kowane gida ne ke da amsa irin wannan ba. Muhawarar ta fi zafi a kan filin dabbobin ruwa na SeaWorld, wanda ke San Diego tun 1964. Bayan fim ɗin Blackfish na 2013 da sukar da ta biyo baya, kamfanin ya sanar a 2016 cewa ya daina kiwon manyan dabbobin ruwan nan da ake kira oka domin su hayayyafa. Hanya mai sauƙi ta tantance gida ita ce a duba ko yana da shaidar ƙungiyar gidajen namun daji ta AZA, wadda ke sake bincikar membobinta duk bayan shekara biyar.

Wajen jera kwanaki, bai kamata yinin wasa biyu masu nauyi su biyo juna ba idan akwai ƙananan yara. Yini a Disneyland tafiyar kilomita da yawa ce a ƙafa, cikin ƙara da turereniya irin ta gidan zu na Kano a ranar Sallah, kuma gajiyarsa sai washegari take bayyana. Mako guda yana iya ɗaukar kwana biyu a Anaheim, yini ɗaya a Carlsbad, kwana biyu a gidajen namun daji, sauran kuma a bar su ba tikiti. A Carlsbad, daga Maris zuwa farkon Mayu, gonakin furanni da ke kallon teku suna buɗe wa baƙi, lambun Balboa kuma shigarsa kyauta ce ko da gidajen tarihin cikinsa na kuɗi ne. Ya fi kyau a sa filin wasa a farkon mako, lokacin da kowa ke da ƙarfi, a ƙare da namun daji.

Sauran kashe-kashen su ne ke ba mutane mamaki. Farashin da ke rubuce a shago ko a ɗakin cin abinci bai haɗa da harajin saye ba, otal yana da nasa harajin, ajiye mota a filayen wasa na kuɗi ne, mai kawo abinci a tebur kuma yana sa ran tukuici na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Disneyland da gidan namun dajin San Diego duk suna barin a shiga da abincin gida matuƙar ba a cikin kwalba yake ba, wannan kuwa yana rage kashewa sosai, kuma yana sauƙaƙa wa iyalin Musulmi da ke kiyaye halal. A Anaheim ɗin ma akwai unguwar Little Arabia a kan titin Brookhurst, mai gidajen abincin Larabawa da mahauta na halal, tafiyar 'yan mintuna a mota daga Disneyland. Mai hayar mota ya sani cewa dokar Kalifoniya ta wajabta wa yaron da bai kai shekara takwas ba zama a kujerar yara ta musamman a bayan mota, sai dai in tsayinsa ya kai santimita 145. Ko a zo da kujerar daga gida, ko a nema tun lokacin kama motar. Ana kuma ba iyaye shawarar su rubuta lambar wayarsu a ɗaure a hannun ƙaramin yaro, su ɗauki hotonsa kowace safiya da kayan da ke jikinsa, su nuna masa irin rigar ma'aikatan wurin da zai nufa idan ya ɓace musu a cikin taro.