Idan Kwamfuta Ta Yi Nawa Wajen Sarrafa 'Yar'uwarta Daga Nesa

'Yan'uwa ɗalibai, a cikin Windows XP Professional, wadda ta fito a 2001, akwai wata dabara mai suna Remote Desktop. Da ita mutum zai zauna gaban kwamfuta ɗaya ya riƙa sarrafa wata da ke wani ɗaki, tamkar tana gabansa. Sai dai a tsofaffin na'urori, za ka buga harafi yanzu, sai can ya bayyana a allo.

Abin da nake fara dubawa shi ne hanya. Tsohuwar Wi-Fi ta 802.11b ba ta wuce megabit 11 a daƙiƙa, ga bango yana rage mata ƙarfi, alhali waya takan kai 100. Don haka a haɗa su da waya tukuna.

Sai launi, wanda a ganina shi ya fi cinye hanyar. Duk abin da ya canza a allon waccan sai an aiko shi nan. In aka sauko daga bit 24 zuwa 16, nauyin kowane ɗigo ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. A cire hoton bangon allo, a kashe kwalliyar tagogi, a kunna ajiyar hotuna don kada a yi ta aiko abu ɗaya sau goma. Bidiyo kam, a haƙura da shi.

In har ba ta sake zani ba, a buɗe Task Manager a waccan kwamfutar a rufe manhajar da ta cinye ƙwaƙwalwa, domin megabait 128 ba ya ɗaukar kaya da yawa.

Microsoft ya daina kula da XP tun 2014, saboda haka kada a buɗe wa intanet ƙofa mai lamba 3389. A bar haɗin iya cikin gida.