Aikin Yi wa Rubutu Alama a Intanet: Amfaninsa da Matsalolinsa

Manhajar da ke fassara ko amsa tambaya ba ta jin Hausa sai an koya mata da misalai, kuma mutane ne ke shirya misalan. Akan zuba dubban jimloli a wani dandalin intanet, a raba wa jama'a, kowa ya yi wa kasonsa alama: wannan sunan gari ne, wannan na mutum, wannan saƙon yabo ne, wancan zagi. Kamfanin Amazon ya buɗe irin wannan dandali, Mechanical Turk, tun 2005. Yau zancen ya kai garuruwan Kura da Bunkure, inda ake gaya wa matasa cewa da waya da data kawai za su riƙa kwasar dala.

Amfanin tsarin a fili yake. Abin da masani ɗaya zai shekara yana yi, taron jama'a kan gama shi cikin makonni. Hausa ma ta ci gajiya. A 2022 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga cikin harsunan Hausa, Ibo, Yarbanci da Turancin buroka. Mutum uku ne ke duba kowane saƙo, a ɗauki hukuncin da ya rinjaya.

Sai dai kuskure ne babba a ɗauka duk mai jin Hausa zai iya aikin. A saƙon waya da aka rubuta ba ƙugiya, "kura" na iya zama garin Kura, ko dabbar daji, ko kurar ɗan garuwa, ko ƙurar hanya. Manomin Kadawa da ya rubuta cewa sharon ta gama da gonarsa yana nufin tsutsar nan da ta yi wa tumatir ɓarna a 2016. Ɗan birni da bai taɓa shiga gonar rani ba yana iya sa mata alamar sunan mace, manhaja ta haddace kuskuren ta yi ta maimaitawa. Ilimin da ake buƙata yana wurin masu noman shinkafa da alkama da ruwan madatsar Tiga, amma su ne ba a cika nema ba, ga ƙarancin lantarki da tsadar data.

Yadda ake biya ma na ɓata aikin. Yawanci akan biya ne bisa adadin jimlolin da mutum ya gama. Kamar ɗan ƙwadagon da ake biya da kwando a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ne: idan cika kwandon kawai ake duba, ruɓaɓɓen tumatir zai shige ƙasa. Shi ya sa masu dandali ke cusa jimlolin gwaji da suka riga suka san amsarsu, su sallami mai yawan faɗuwa.

Ladan kuwa bai kai yadda ake zuzutawa ba. A Janairun 2023 mujallar Time ta ruwaito cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Kenya, da suka tantance munanan rubuce-rubuce domin kamfanin OpenAI, an riƙa biyan su ƙasa da dala 2 a awa. A Maris 2024 dandalin Remotasks ya rufe wa ma'aikatansa na Kenya ƙofa farat ɗaya. Hukumomin Najeriya na yawan maganar horar da matasa kan fasahar zamani, amma ba a jin su kan inda matashi zai kai kuka idan aka riƙe masa haƙƙi. A wannan giɓin ne 'yan damfara ke shigowa da neman kuɗin rajista, alhali dandalin gaskiya ba ya karɓar ko kwabo kafin ya ba da aiki.