ƊAGA ƘARFE A KWANCE: GARGAƊI GAME DA MAI YI SHI KAƊAI

An rubuta wannan takarda ne domin hakimai da magatakardansu da sauran malaman ofis, su karanta, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwa da sarakunan samari. Dalili kuwa shi ne wasan ɗaga ƙarfe ya shigo garuruwanmu ya zauna. Da wuya mutum ya ratsa unguwa a birni bai tarar da wani kango ko zaure inda samari suka ajiye benci da sandar ƙarfe ba. Ba a so a hana su, gama wasa ne mai ƙarfafa jiki, ya kuwa fi zaman banza a bakin hanya. Amma cikin dukan irin ɗagawar da su ke yi akwai guda ɗaya wadda ta ke iya kashe mutum nan take, ita ce ta kwance.

Ga yadda a ke yin ta. Mutum ya kan kwanta rigingine bisa benci, ya ciro sandar daga maratayinta, ya sauko da ita har ta taɓa ƙirjinsa, kana ya tura ta sama har hannuwansa su miƙe. To, wanda ya ɗaga ƙarfe a tsaye, in ya fi ƙarfinsa sai ya saki ya ja da baya. Na kwance ba shi da wannan dama: benci a ƙarƙashinsa, ƙarfe a bisansa. Ƙarfin hannu kuwa ba ya sallama in zai ƙare. Hannun da ya tura sau bakwai lafiya lau, a na takwas sai ya ƙi. Sandar ta dawo ta danne ƙirji, numfashi ya yi wuya, daga nan ta kan gangara zuwa wuri mai kwari, watau wuya. In ta danne jijiyoyin da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa, mutum ya kan suma cikin 'yan daƙiƙoƙi, in kuma numfashi ya yanke kamar minti 4 zuwa 6, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa ke nan. Abin lura a nan shi ne wanda ƙarfe ke bisa maƙogwaronsa ba ya iya ihu. Ana iya zama ana hira a zaure, shi yana mutuwa a tsakar gida.

Gwanayen duniya ma ba su raina wannan hatsari ba. A wasannin naƙasassu na duniya, ɗagawar kwance ita kaɗai ce a ke yi a wannan fanni, 'yan Nijeriya kuwa sun daɗe da yin suna a cikinta. A 2024, a birnin Paris, Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 ta ci lambar zinariya. Duk da gwanintar irin waɗannan mutane, ba wanda ke kwanciya a bencin gasa sai da masu tsaro a tsaye kusa da sandar. Amma mai tsaro ma ba kome ya ke iyawa ba. A 2009 wani ɗan ƙwallo na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka, Stafon Johnson, yana ɗaga wajen kilo 125, da mai tsaro a kansa, sai sandar ta kuɓuce ta faɗo masa a maƙogwaro. Sai da likitoci suka yi sa'o'i suna yi masa aiki kafin ya tsira. Mai tsaro yana iya ɗauke ƙarfen da ya tsaya, amma ba ya cafe wanda ke faɗowa.

Abin da ke cafewa ƙarfe ne ɗan'uwansa. Saboda haka babban abin da a ke so ga mai yi shi kaɗai shi ne matokarai: ƙarafa biyu masu kauri a kwance, ɗaya dama da benci, ɗaya hagu, kowanne bisa ƙafafu masu ƙarfi, yadda in sandar ta sauko sai bakunanta biyu su sauka a kansu. Mai walda na kasuwa yana iya ƙera su, kuɗinsu kuwa bai kai na jinyar karaya ɗaya ba. Tsawonsu shi ne dukan magana. A daidaita su ƙasa kaɗan da ƙirji sa'ad da mutum ya cika shi da iska ya banƙaro, amma sama da wuya. Ta haka sandar za ta taɓa ƙirji ba tare da ta bugi matokaran ba, in kuwa hannu ya gaza, sai mutum ya fitar da numfashi ya saki bayansa, ƙarfen ya zauna a kansu, shi ya sulale ya fita. Kada a auna da ido kawai. A kwanta da sanda wadda ba kome a jikinta, a sauke ta bisa matokaran, a mirgina ta har saitin maƙogwaro, a ga ko da sarari. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma mutane da dama ke amfani da benci ɗaya, kowa ya yi nasa gwajin, gama ƙirjin wani ba na wani ba ne.

Sai riƙo. Waɗansu samari su kan jera babban yatsa tare da sauran huɗun a gefe ɗaya, su ce wai hannu ya fi sakewa. Wannan ganganci ne, ba abin da zai tare sandar in ta zame daga tafin hannu, balle da gumi. Babban yatsa ya zagaye sandar ya kulle ta. Dokar babbar ƙungiyar wannan wasa ta duniya ma haka ta ce. Wuyan hannu ya tsaya sosai, ƙafafu su kafu a ƙasa, sandar kuma ta sauka a ƙasan ƙirji, nesa da wuya.

Akwai wata dabara da a kan koya wa wanda ba shi da matokarai. Ita sandar kanti, wadda nauyinta kilo 20 ne, faya-fayan ƙarfe a ke zura mata, a matse su da maɗauri. Mai yi shi kaɗai sai ya bar maɗaurin. In ƙarfe ya danne shi sai ya karkata sandar gefe guda, faya-fayan wannan gefen su zube, nan da nan ta wuntsila ɗaya gefen da ƙarfi, saura su zube. Akwai ƙara da ɓarnar daɓe, dole kuma a riƙe ta gam, a tabbata ba yaro a kusa, amma mutum ya kan tashi da ransa. To, a nan ne ya kamata hakimai su lura ƙwarai. Da yawa daga ƙarafan da ke unguwanninmu ba na kanti ba ne. Bututu ne a ke samu, a cusa bakunansa cikin gwangwanaye biyu, a zuba siminti ya daskare, ko kuwa a haɗa tsofaffin ƙarafan mota a yi musu walda. Irin wannan ba abin da zai zube daga jikinsa kome karkatawa. Bugu da ƙari ba a san nauyinsa ba sai an kai shi sikeli, sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya, ba shi kuma raguwa ran da mutum ya tashi ba ƙarfi. A ganina ƙarfen siminti bai kamata a hau benci da shi ba matokarai ba, ko da sau ɗaya.

Wanda bai sami kuɗin walda ba tukuna, ya bar bencin ya kwanta a ƙasa bisa tabarma. Gwiwoyin hannu su kan taɓa ƙasa kafin sandar ta kai ƙirji. Babban faifan kanti faɗinsa santimita 45 ne, saboda haka in ya zauna a ƙasa sandar tana sama da wuyan yawancin mutane. Na siminti kuwa sai a gwada shi tukuna, don gwangwani ƙarami ba ya barin sarari. Ko kuma ya yi da ƙananan ƙarafa guda biyu, ɗaya a kowane hannu, waɗanda a ke iya yarwa gefe.

Ko da kaya sun cika, mai yi shi kaɗai ya tsaya tun yana jin zai iya ƙara biyu ko uku. Gwada iyakar ƙarfi sai ranar da abokai ke nan. Kada a hau benci da zazzaɓi ko rashin barci, ko da tsakar rana cikin azumi. Ƙofa kuma a bar ta a buɗe, a gaya wa wani na gida.

In duk da haka ƙarfe ya danne mutum a ƙirji, ba matokarai, ba ya kuma zubewa, abin da ya rage shi ne ya riƙe shi da hannu biyu, ya ƙanƙame ciki, ya mirgina shi ƙasa zuwa ƙugu, sa'an nan ya tashi zaune ya ture shi. Akwai zafi, ya kan bar tabo, ba ya kuma yiwuwa in nauyin ya yi yawa. Daidai ne saurayi ya koyi wannan da ƙarfe marar nauyi tun bukata ba ta zo ba.

Ana roƙon hakimai su sa masu unguwa su san wuraren da a ke wannan wasa, su duba ko benci yana rawa, ko walda ta tsage, ko akwai matokarai. A kuma hana ƙananan yara wasa da ƙarafan in manya sun tashi. In an tarar da wanda ƙarfe ya danne, mutum biyu su kama bakunan sandar su ɗaga tare, kada a ja ta bisa wuyansa. Kada a girgiza kansa, kada a ɗura masa ruwa. A kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, musamman in muryarsa ta dishe, ko haɗiya ta yi masa wuya, ko yana tofar da jini, gama maƙogwaron da ya bugu ya kan kumbura daga baya ya toshe numfashi bayan an zaci hatsari ya wuce.