Mai Yankan Inshora a Bakin Hanyar Gure

Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Difa tana ratsa Gure, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram. Duk abin da ke gudu a kanta da inji, daga babbar motar da ta lodo shanu a kasuwar Gidigir zuwa motar fasinja da babur ɗin ɗan kabu-kabu, doka ta ce sai da takardar inshora. A kan wannan doka wani bawan Allah yake cin abincinsa: wakilin kamfanin inshora, wanda direbobi ke kira mai yankan inshora. Ɗan shago ne da tebur, benci, hatimi da wayar da ba ta hutawa, galibi ba nesa da tasha ba.

Maƙeri na farawa da ƙarfe, baduku da fata, shi kuwa ɗanyen kayansa alkawarin wani ne. Kamfanoni irin su SNAR Leyma, CAREN da SUNU suna zaune a Yamai, suna da rassa a Damagaram, daga nan takardun shaida ke gangarowa zuwa ƙananan garuruwa. Kowace takarda da lambarta, an ƙirga ta kafin a miƙa masa. Wadda ya ɓata wajen rubutu sai ya soke ta ya mayar, wadda ta salwanta kuwa a wuyansa take, domin fankon takarda mai lamba a hannun ɗan damfara kuɗi ne. Shi ya sa za ka ga ya fi kaffa-kaffa da akwatin takardu a kan aljihunsa.

Dokar da ke tafiyar da sana'ar ba ta Nijar kaɗai ba ce. A 1992 ƙasashen Afirka masu amfani da kuɗin sefa suka rattaba hannu a Yawunde kan yarjejeniyar da ta kafa hukumar CIMA, kundin dokokinta ya fara aiki a 1995. Sashe na 200 na kundin shi ne ya wajabta wa duk mai abin hawa ya yanki inshorar da za ta biya ɓarnar da ya yi wa wani, a jiki ko a dukiya. Kundin ya raba masu tsayawa tsakanin kamfani da jama'a gida biyu: wakili, wanda ke aiki da sunan kamfanin da ya naɗa shi, da dillali mai zaman kansa, wanda ke nema wa mai saye inda ya fi. Dukansu sai da katin sana'a, kuma mai riƙe kuɗin jama'a sai ya kawo lamuni na aƙalla sefa miliyan 10. Wannan kuɗi ya fi ƙarfin yawancin matasa, don haka mai farawa a gari kamar Gure yakan raɓu da babban wakili, ya yi aiki a ƙarƙashin hatiminsa har ya ƙware.

Ciniki na farawa ne da takardar mallakar mota. A cikinta yake karanta abin da zai yanke farashi: doki nawa ne injin, mai take sha ko gas, kujera nawa, tan nawa take ɗauka. Sai tambayar da ta fi kowace nauyi, me ake yi da motar? Ta shiga ce ta maigida da iyalinsa, ta ɗaukar kayan kansa ce, ta haya ce, ko ta fasinja? Kowane rukuni da kuɗinsa, na fasinja kuma ya fi tsada, tunda rayuka ne a ciki. Daga nan sai tsawon lokaci, inda ake yawan jan zance.

"Malam, yanko mini na wata ɗaya, in samu in wuce jandarmomi."

"Alhaji, in ka lissafa, na shekara ya fi maka araha nesa ba kusa ba."

"Na sani. Bari dai kasuwa ta buɗe tukuna."

Gaskiyar wakilin ce, mai yankan wata-wata yana biyan fiye da mai yankan shekara, amma mai mota da cinikin yau yake sayen man gobe. Kuma a zancen Alhaji akwai babbar matsalar sana'ar baki ɗaya: mafi yawan masu saye don shingen jandarma suke saye. Wanda ke kallon takardar a haka ba ya ganin laifin ya ce motarsa ta shiga ce alhali kowace ranar kasuwa tana jigilar mutane zuwa Subdu ko Kelle. Wakilin kirki ba ya rubuta wannan ƙarya ko da zai rasa cinikin, don ya san inda take ɓullowa. Kundin CIMA ya tsare haƙƙin wanda aka ji wa ciwo: idan direba ba shi da lasisi, ko an yi lodin mutane ba bisa ƙa'ida ba, kamfani zai biya wanda abin ya shafa, sannan ya juyo kan mai motar ya nemi kuɗinsa. A nan ne gona, shanu, har gidan da mutum ya gada ke shiga cikin magana.

Abin da mai mota ya biya ba duka ne ake raba wa wakili ba. Akwai ainihin kuɗin inshora, akwai kuɗin takarda, akwai harajin gwamnati. Kamashonsa kaso ne daga ainihin kuɗin kawai, kuma ma'aikatar kuɗi ce ke ƙayyade iyakarsa. Daga ciki zai biya hayar shago, wuta, tawadar na'urar bugawa, katin waya, da kuɗin motar zuwa Damagaram kai lissafi. Babura suna da yawa amma abin da ake samu a kansu kaɗan ne; babbar mota ɗaya ta fi su auki, shi ya sa kowane wakili ke zawarcin masu manyan motoci da shugabannin 'yan tasha.

Tun 2011 aka gyara sashe na 13 na kundin, aka hana bashi: ba biya, ba inshora. An kuma taƙaita tsabar kuɗin da wakili zai karɓa a hannu zuwa sefa miliyan 1 a kan kowace yarjejeniya, kuma cikin kwana 30 sai ya zuba su a asusun kamfani. Gyaran ya yi wa kamfanoni daɗi, don a da kuɗinsu na maƙalewa a hannun mutane. Amma a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, yaya za ka ce wa surukinka ko maƙwabcin da kuke sahu ɗaya a masallaci ba ka ba da bashi? Da yawa sukan cika daga aljihunsu, su koma bin bashin da doka ba ta san da shi ba.

Gwanintar mai wannan sana'a ranar hatsari take bayyana. Wayarsa ce ke fara ƙara, wani lokaci da tsakar dare, daga wani lungu da yashi ya cinye gefen kwalta. Shi zai ce wa direba kada a taɓa motar sai jandarmomi sun auna sun rubuta, domin rahotonsu ne ginshiƙin fayil. Shi zai tuna wa mai mota cewa kwanakin sanar da kamfani ƙidayayyu ne, biyar na aiki a mafi ƙaranci. Sai tattara takardu: na likita, rasit ɗin magani, in kuma an rasa rai, takardar mutuwa, takardun haihuwar 'ya'ya da takardar magada daga kotu. A karkarar Muniyo, yankin da Gure take, inda dattawa da yawa ba a taɓa yanka musu takardar haihuwa ba, wannan kaɗai na iya cin watanni. Diyyar kuma ba da ka ake yanke ta ba, akwai ma'aunin da kundin ya shimfiɗa, wanda aka ɗaura da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, jaka 42 a wata tun farkon 2024. Fasinjoji na cikin waɗanda ake biya, har iyalin mai motar in suna ciki. Direba kuwa ba ya ciki, sai in an yankar masa tasa daban, kuma wannan magana ba ta taɓa yi wa direbobi daɗin ji ba.

Fayil na tafiya Damagaram, ya wuce Yamai, ya yi zamansa. Masu yanke hukunci a can ba wanda ya san fuskarsu. Fuskar da aka sani ita ce ta mutumin da ke bakin tasha, shi ake tsarewa a hanyar masallaci, shi ake cewa ya ci kuɗin marayu. A ganina wannan ne mafi ɗacin abin da ke cikin sana'ar, kuma laifin jinkirin da ya sa mutane suka raina inshora ba nasa ba ne.

Akwai wata hajar a cikin jakarsa da ba kasafai ake tambaya ba: inshorar alhakin maigida. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, a sassa na 1382 zuwa 1385, ta ɗora wa mutum biyan ɓarnar da ya yi da hannunsa, da ta 'ya'yansa ƙanana, da ta masu yi masa aiki, da ta dabbarsa. Katangarka ta faɗa wa ɗan maƙwabci, gobara ta tashi a gidanka ta lashe shagon wani, in da sakacinka a ciki, duk kai ne. A Amurka, inda kai ƙara kotu ya zama ruwan dare, masu hali sukan ƙara wata inshora a saman ta mota da ta gida, wadda ke farawa daga dalar Amurka miliyan 1, don kada hukuncin alƙali ya kwashe abin da suka tara. Mutumin Gure bai cika jin bukatar haka ba, kuma yana da dalilinsa. Shanu sun shiga gona, gaban mai gari ko sarki ake fara zuwa a yi sulhu a ƙiyasta ɓarna. An yi kisan kuskure, fiƙihun Malikiyya ya ɗora diyya a kan dangin uba, su haɗa su biya cikin shekara uku, sau da yawa ma iyalin mamaci kan yafe saboda Allah. Sai dai wannan rufin asiri yana aiki ne tsakanin waɗanda suka san juna. Ranar da wanda aka buge baƙo ne mai lauya, ko motar da aka murƙushe ta wani kamfani ce, dangi ba su da abin da za su haɗa ya isa.

Wasu kuma addini ne ke hana su yankan inshora, suna ganin akwai garari, wato rashin tabbas, da riba a cikin lamarin. Wakili ba ya jayayya da malamai, yakan dai ambaci takaful, tsarin taimakekeniya da aka fara a Sudan a 1979, wanda CIMA ta fitar wa ƙa'idoji a 2019.

Kasuwarsa tana bin ta motoci sau da ƙafa. Da kaka, lokacin da wake da gero ke fita, da gabanin Babbar Salla, lokacin da ake lodin raguna, shago ya cika. Da bazara sai zaman jira. Da aka rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, motocin da ke zirga-zirga kudu suka yi kwantai, motar da ke ajiye kuwa ba mai sabunta mata takarda. A irin wannan lokaci rajistarsa ce jarinsa: sunan mai mota, lambar mota, ranar da inshora za ta ƙare. Saura mako guda sai ya buga waya, ya gaishe da Alhaji, ya tambayi iyali da gajiyar hanya, sannan ya ce ranar Laraba takardar babbar motar nan za ta mutu, ko a ajiye masa ta wata uku.