Kurɓin Farko: Wa Ya Miƙa Ƙoƙon?

A shekarun da na yi ina koyarwa a jami'a, na zauna da ɗalibai da dama waɗanda shaye-shaye ya karya wa karatu. Abu biyu nake ji daga bakin kusan kowannensu. Na ɗaya, ba ya manta ranar da giya ta fara taɓa harshensa. Na biyu, bai ji daɗinta a ranar ba. Idan haka ne, abin tambaya shi ne: wa ya miƙa masa, kuma wa ke wurin yana kallo?

Ni ma ina da tawa ranar. Kakannina na wajen uwa Maguzawa ne, a wani ƙauye da ke kudancin Katsina, kuma can mahaifinmu yake tura mu hutun damina don mu san noma. A 1989, ina ɗan shekara tara, aka yi gayya a gonar kakana. Da rana ta take, mata suka iso da tuwo da tuluna. Wani dattijo mai yawan barkwanci ya miƙo mini ƙoƙo ya ce, "Ɗan birni, jiƙa maƙoshi." Na ga abu ja mai kauri, na ɗauka kunu ne. Tsami da ɗaci da warin hayaƙi suka cika mini baki, na tofar, 'yan gayya suka kwashe da dariya. Kakata ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta karɓe ƙoƙon ta ce, "Wannan jikan nawa ɗan masu salla ne. Duk wanda ya ƙara ba shi, da ni zai yi." Ita da kanta ta dafa burkutun nan, ita ce kuma ta shata mini iyaka da shi a gaban jama'a. Har na daina zuwa ƙauyen ba wanda ya sake gwadawa.

Sai da na girma na fahimci cewa yadda ake yin burkutu shi ma wani shinge ne. Ana jiƙa dawa, a rufe ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, sannan a bar ta ta tashi. Aikin kwanaki ne, hayaƙinsa da warinsa ba sa ɓoyuwa. Ga shi ba ya ajiyuwa, don kwana ɗaya ko biyu ya isa ya lalace. Saboda haka ake shansa a ranakun da kowa ya sani: gayya, biki, ko ranar kasuwa. Ba yabonsa nake yi ba, domin na ga magidantan da rumbunsu ya ƙare a cikin tukunya tun kafin bazara. Amma yaro ba shi da hanyar da zai ɗanɗana shi ba tare da idon babba ba.

Giyar kwalba ta zo da nata tsarin. Tun bayan yarjejeniyar Burasal ta 1890, Turawan mulki suka sa Arewa cikin yankunan da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar ƙetare, abin da ya sa daga baya cinikinta ya taru a unguwannin baƙi irin su Sabon Gari. A 1949 aka fara yin giyar Star a Legas, a 1963 kuma kamfanin ya buɗe masana'anta a Kaduna. Adabinmu bai yi shiru ba: Mu'azu Haɗeja ya yi Waƙar Giya yana gargaɗi, Mamman Shata kuma ya yi "A Sha Ruwa", wadda har yau ake muhawara a kanta. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, sai kamfanonin suka koma ga dawa, wato hatsin gonakinmu ya shiga kwalba. Duk da haka, saurayin wancan zamani sai ya tara kuɗi, ya tsallaka gari, ya zauna a otal inda direban unguwarsu ko abokin yayansa zai iya ganinsa. Kunya ta tare mutane da yawa a bakin ƙofa.

Yanzu fa? Tun daga 2000, lokacin da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci, jihohi da dama suka hana cinikin giya. A Nuwambar 2013 kaɗai, Hisbar Kano ta farfasa kwalabe kusan 240,000 a bainar jama'a. Sai dai muna can muna kallon kwalba, barasa ta sauya riga. Ta koma 'yar leda da ƙaramar roba, wadda ke shiga aljihun wandon makaranta. Giyar kwalba ƙarfinta bai cika wuce kashi 5 ko 6 cikin ɗari ba, amma na cikin leda yakan kai kashi 30 zuwa 40. Kuɗinta bai fi na alawa da biskit ba. An zuba wa wasu zaƙi da ƙamshi, wasu kuma ana tallarsu a tasha da sunan maganin ciwon baya ko basir. Ɗacin da ya sa na tofar, da tsadar da ta hana wasu, da idon da ya kunyata wasu, duk an kawar da su lokaci guda.

Wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai mutum ya haura shekara ashirin, kuma wanda ya fara sha da ƙuruciya ya fi saurin zama bawan abin. Shi ya sa a 2018 hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu masana'antu cewa za a daina zuba barasa a leda da robobin da ba su kai mililita 200 ba bayan shekara biyar. Da wa'adin ya cika a farkon 2024, sai aka shiga ja-in-ja da ɗage-ɗage, ana kukan asarar jari da ayyukan yi. Kukan yana da hujja, amma ya kamata wakilanmu a majalisa su auna shi da asarar yaron da ya fara sha a aji biyu na sakandare.

Doka tana da iyakarta, sauran aikin na gida ne. Malamai sun karantar da mu cewa haramcin giya bai sauka dare ɗaya ba: an fara da bayyana cewa cutarta ta fi amfaninta, sannan aka hana kusantar salla cikin maye, kafin hani na ƙarshe a Suratul Ma'ida. An gina fahimta kafin a kafa hukunci. Mu kuwa yawancinmu ba ma ko ambaton sunan abin a gaban 'ya'yanmu, sai mu bar wa abokin banza ya yi musu darasin farko a bayan aji. Ya dace uba ya san kamannin ledar nan da sunayen da yara ke kiranta da su, ya zaunar da ɗansa tun yana ɗan shekara goma ya gaya masa abin da ke ciki. Ya dace masu unguwa da limamai da fastoci su san shagon da ke sayar wa yara, su je wa mai shi ido da ido kafin a kai ga hukuma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai shagon da ya san unguwa na kallonsa zai yi tunani sau biyu kafin ya karɓi kuɗin ɗan makaranta.